Yadda ake ƙarfafa mahaɗar silab ɗin kankare da zaren kabon

Silab ɗin da aka zuba a masana'anta, aka ɗauko a tirela, kiren ya ɗora shi a kan bim, da wuya ka same shi da aibi a tsakiyarsa. An auna simintinsa a sikeli, inji ya girgiza shi, an shayar da shi yadda ya kamata. Inda ciwo yake fitowa shi ne wurin da wannan silab ya haɗu da ɗan'uwansa, domin nan ɗin a filin gini ake yin sa, cikin rana da gaggawa, sau da yawa a hannun leburan da babu wanda ya gaya masa nauyin abin da yake cikewa. A ranar 16 ga Mayu, 1968, gas ya fashe a hawa na 18 na wani bene mai hawa 22 da ake kira Ronan Point a gabashin Landan. Kusurwa guda ta benen ta rufta tun daga sama har ƙasa, mutum huɗu suka rasu. Allunan kankaren da aka harhaɗa benen da su lafiyarsu lau, mahaɗarsu ce ta saki. Da aka zo kwance ginin a 1986, sai aka tarar da wasu mahaɗun an cusa musu tarkace da tsofaffin jaridu a inda ya kamata a ce kwaɓin siminti ne.

Zaren kabon yana cikin hanyoyin da ake ɗinke irin wannan mahaɗa ba tare da an farfasa dabe ba. Siraran zaruruwa ne baƙaƙe, kowanne ya fi gashin kai siranta, ana jera dubbai a jiƙa su da gam ɗin ifoksi su zama abu guda. Nauyinsa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfe ba, ba ya tsatsa, kuma wajen jurewa ja ya ninka rodi sau biyar ko fiye. A 1991 aka fara gyaran gada da shi, gadar Ibach da ke kusa da birnin Luzan a Suwizalan, bayan masu huda kankare sun tsinke wayar ƙarfe da ke riƙe da ita. Kimanin kilo 6 na kabon ya yi aikin da zai ci kilo 175 na farantin ƙarfe. Amma ka riƙe abu ɗaya tun yanzu: a aikin gini ba kasafai kabon yake tsinkewa ba, ɓallewa yake yi daga jikin kankare, ya tafi da ɓawonsa. Saboda haka mafi yawan abin da zan faɗa a nan a kan kankare da gam ne.

Da farko, gano abin da ke damun mahaɗar

Kafin ka taɓa kuɗin kaya, ka tsaya a kan daben ka duba tsagar da kyau. Mahaɗa iri uku ce za ka ci karo da ita, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai wadda ta bi tsawon silab biyu da ke kwance kafaɗa da kafaɗa. A irin silab mai ramuka a ciki, wanda faɗinsa yawanci mita 1.2 ne, gefensa yana da wani lungu da ake cikawa da kwaɓin siminti, shi ne yake sa idan nauyi ya hau silab ɗaya maƙwabcinsa ya taya shi ɗauka. Idan wannan ciko ya mutu, za ka ga tsaga miƙaƙƙiya ta fito a tayil ko a silin, tamkar an ja ta da rula. Akwai kuma mahaɗar kai da kai, inda ƙarshen silab biyu suka haɗu a kan bim, nan tsagar a sama take buɗewa saboda kowane silab yana lotsawa a tsakiyarsa yana ɗaga baki. Ta uku ita ce wadda injiniya ya bari da gangan domin gini ya miƙe ya tsuke da zafi da sanyi. Wannan ba a ɗinke ta. Wanda ya shimfiɗa mata kabon, ko dai kabon ya ɓalle, ko kuma tsagar ta koma ta fito a wani wurin da ba a shirya mata ba. Ka duba zanen ginin ka tabbatar.

Sai ka gwada ko tsagar tana motsi. Ka ɗana ɗan ƙullun filasta a kanta a wurare uku ko huɗu, ka rubuta kwanan wata a gefe, ka riƙa dubawa da asuba da kuma azahar na 'yan makonni. Ka sa a tura amalanke mai kaya ta wuce ta gefe ɗaya, kai kuma ka ɗora tafin hannu a kan mahaɗar. Idan ka ji gefe ɗaya yana sauka ya bar ɗaya, matsalar ta sama da ƙasa ce, kuma kabon da aka manna a fuska ba ya maganinta shi kaɗai. Kabon igiyar guga ne: ka ja ta da duk ƙarfinka ta riƙe, ka tura ta kuwa ta lanƙwashe. Aikinsa shi ne ya hana mahaɗa buɗe baki, cikon simintin da ke cikin lungu shi ke ɗaukar saɓanin sama da ƙasa.

Lissafi aikin injiniya ne

Yawan kabon da tsawonsa ba a ƙiyasta su da ido. A Nijeriya ka nemi injiniyan gine-gine mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a ƙasar, ya yi lissafi da ɗaya daga cikin ƙa'idojin da aka sani, kamar ACI 440.2R ta Amurka, wadda ta fara fitowa a 2002, ko TR55 ta Ingila. Akwai sharaɗi guda a cikin ta Amurka da nake so mai gini da kansa ya sani: ko da kabon ya lalace baki ɗaya, ta gobara ko ta ɓarna, dole silab ɗin ya iya riƙe nauyin kansa da ƙarin kashi 10 cikin 100, haɗe da kashi 75 cikin 100 na kayan da za a ɗora masa. Daben da bai cika wannan ba, bim yake buƙata ko ginshiƙi.

Ga misali da zai hana ɗan kasuwa ya ruɗe ka da lambobin da ke jikin kwali. Ɗauki bel ɗin kabon mai faɗin milimita 50 da kaurin 1.2. A takarda zai ja kusan tan 17 kafin ya tsinke. Amma idan aka manna shi a kan kankare mai ƙarfin 30 MPa (MPa ma'auni ne na ƙarfin kankare), lissafin ƙa'idar Amurka ya nuna zai fara ɓallewa a wajen tan 5, wato kwatankwacin rodi ɗaya mai milimita 12. Wannan tan 5 ɗin shi ne naka. Ƙara kauri ko ɗora wani a kan wani ba ya ninka ƙarfin, domin gwargwadon kaurinsa gwargwadon saurin ɓallewarsa.

Abu na biyu, kabon ba ya ɗaukar nauyin da ya tarar. Abin da aka ɗora bayan gam ya kama shi ne rabonsa. Don haka a kwashe buhuna da injuna daga kan daben kafin a fara, idan kuma injiniya ya ce a tokare daga ƙasa, a tokare, kada a cire sai gam ya nuna.

Wane irin kabon

Kala uku ake sayarwa. Akwai yadi, mai laushi, yana zuwa a naɗe, ana auna shi da giram a kowace murabba'in mita, 200 ko 300 ko 600, shi ne yake bin lungu da kwana. Akwai bel mai tauri da aka riga aka gasa a masana'anta, ya dace da miƙaƙƙen wuri kamar ƙarƙashin silab. Sai siraran sanduna, zagayayyu ko masu faɗi, da ake binnewa a cikin ramin da aka yanka a fuskar kankare.

A ra'ayina, duk mahaɗar da za a gyara ta sama, inda ƙafa da taya za su bi, binnewa ta fi. Gam yana kama sandar ta fuska uku, har ƙa'idar ta yarda a ci moriyar kashi 70 cikin 100 na miƙewarta, kuma tana ɓoye daga rana da gogayya. Ko wanne ka zaɓa, ka sayi kabon da gam ɗinsa daga kamfani ɗaya, domin tare aka gwada su. Ka duba ranar lalacewar gam, ka kuma tambayi inda aka ajiye shi. Gwangwanin da ya shekara a cikin kwantena a rana, araharsa ba ta da amfani.

Gyara mahaɗar kanta

A ƙwaƙule duk mataccen ciko da kurfi da guduma har a kai ga kankare mai rai. A wanke da ruwa mai ƙarfi, a toshe ƙasan mahaɗar da katako ko soso, a jiƙa gefunan ba tare da ruwa ya kwanta ba, sannan a ɗura kwaɓin simintin nan na musamman wanda ba ya tsukewa idan ya bushe. A bi shi da siririn rodi ana tsokana don iska ta fita. Idan aka ga tsatsa a rodi ko a farantin ƙarfen da aka yi wa walda, a kankare ta, a kuma toshe hanyar da ruwa yake bi ya shigo. Tsatsar da aka rufe da kabon ci gaba take yi da kumbura a ɓoye har ta ture shi. Tsagar da ta wuce milimita 0.3 a jikin silab a ɗura mata ifoksi mai ruwa da famfon allura. Sabon ciko na siminti ana ba shi kwana 28, sai dai in takardar kayan ta yarda da ƙasa da haka.

Silab mai wayoyi a ɗaure, wato wayoyin ƙarfe da aka ja suka yi tsam a cikinsa tun a masana'anta, yakan ɗan gantsare sama, kuma ba lalle gantsarewar biyu ta zo daidai ba, sai ka ga ɗaya ya fi ɗaya tudu da 'yan milimitoci. Kada a tsallaka wannan matakala da kabon. A gurje tudun, a cike kwarin da kwaɓin ifoksi, a yi masa gangare mai tsawo, domin kabon da ya bi kwari idan aka ja shi miƙewa zai yi, ya ɗago daga jikin kankaren.

Shirya fuskar kankare

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ma'aikata suka fi gajiya su yi ha'inci.

Ka zana wurin kowane layi da alli kamar yadda yake a zane. Sai a gurje da injin gurza mai faifan lu'ulu'u, ko a feshe da yashi, har wannan farar fatar siminti mai santsi ta tafi, kawunan tsakuwa suka fara leƙowa. Silab ɗin masana'anta ya fi buƙatar wannan, saboda ƙasansa sumul yake fitowa daga farantin ƙarfe, ga kuma man da ake shafa wa farantin don kada ya kama. Fenti, filasta, mai, duk su fita. Idan ka shafa hannu ka ji kaushi daidai wa daida, ya yi. Duk tudun da ya wuce milimita 1 a rage shi. Idan yadi zai zagaya kwana, a gurje kaifinta ta zama zagayayya da aƙalla milimita 13.

A zuƙe ƙura da inji. Tsintsiya ba ta isa ba. Ka manna baƙin salatif a wurin ka ɓare, in ya fito da fari a jikinsa, a sake.

Sai danshi. Ana son ya gaza kashi 4 cikin 100. In babu na'urar awo, ka yanko leda mai kauri santimita 45 kowane gefe, ka liƙe ta a kan kankaren da salatif ta ko'ina, ka bar ta awa 16. Idan ka ɗaga ka ga gumi a jikin ledar ko wurin ya yi duhu, bai bushe ba.

Na ƙarshe shi ne gwajin fizga, kuma ban yarda a tsallake shi ba ko aikin ƙarami ne. Ana yanka ɗan da'ira a fuskar kankare, a manna ƙaramin faifan ƙarfe mai faɗin milimita 50, in gam ya kama a ja shi da na'ura har ya ɓalle. Dole awon ya kai 1.4 MPa, kuma ka juya faifan ka duba bayansa: ana so ka ga gutsuren kankare da tsakuwarsa manne da shi. Idan ya fito fes, gam ne kawai a jikinsa, gurzar ba ta yi ba. Kankaren da ƙarfinsa bai kai 17 MPa ba kuwa, ba a manna masa kabon sam.

Lokaci da kwaɓin gam

Yawancin gam ɗin nan ba a yarda a shafa shi ba idan zafin kankare ya wuce digiri 35. Wanda yake ba ka awa ɗaya ko fiye a yanayi mai sanyi, a digiri 35 minti 20 zuwa 30 ne kawai ya fara daskarewa a cikin bokiti. Mai aiki a Kano ko Sakkwato ko Maradi a watan Afrilu, ya fara bayan sallar asuba ya tashi kafin hantsi ya yi zafi, ya kafa rumfar tamfol, ya kwana da gwangwanayen a ɗaki mai sanyi. Da damina kuma raɓa ce abin tsoro: dole zafin kankaren ya ɗara ma'aunin da raɓa take fara sauka a kansa da aƙalla digiri 3. Da hunturu, a kewaye wurin saboda ƙura.

Gam kashi biyu ne, kowanne da launinsa. A auna su a sikeli bisa abin da aka rubuta a jikin gwangwani, ban da cokali, ban da ƙiyasi. A juya da injin huda mai sanda, a hankali don kada iska ta shiga, kamar minti 3, har launi ya zama ɗaya babu zane-zane. Ka kwaɓa kaɗan-kaɗan, domin gam mai yawa a bokiti yana zafafa kansa ya mutu da wuri. Kada kowa ya zuba masa tina ko fetur wai don ya yi laushi. Safar hannu ta roba, tabarau da takunkumi wajibi ne, ifoksi yana ƙona fata, wasu kuma in jikinsu ya ƙi shi sau ɗaya ya ƙi ke nan. A yanka kabon nesa da soket da injuna, saboda ƙurarsa tana ɗaukar wutar lantarki.

Ɗora kabon

Idan yadi ne, a yanka shi da almakashi tun kafin a buɗe gam, a naɗe shi ba a ninke ba. A shafa gam na share fage in tsarin yana da shi, sannan a shafa na jiƙawa da rola. A ɗora yadin, zarensa ya gitta mahaɗar, ba ya bi tsawonta ba. Wannan kuskure ne mai sauƙin aukuwa, kuma yadin da zarensa ya bi tsaga bai riƙe komai ba. Inda lissafi ya nuna silab biyun suna zamewa da juna ta tsawo, ana ɗora layi biyu a gicciye, kowanne a karkace da digiri 45. A bi da rola mai tsaga-tsaga, daga tsakiya zuwa baki, kullum ta inda zare ya nufa, har ka ga gam yana tsattsafowa ta tsakanin zaruruwa, baƙin ya yi sheƙi ko'ina. Wurin da ya yi fari-fari bai sha ba. In za a haɗa yadi biyu, su hau juna ta tsawon zare gwargwadon abin da takardar kaya ta ce, galibi daga santimita 10 zuwa sama, kuma kada haɗin ya faɗo a kan mahaɗar.

Idan bel ne, a goge fuskarsa da farin ƙyalle da ruwan gogewa na kamfanin har ƙyallen ya daina baƙi. A shafa gam siriri a kankare, a shafa a bel ɗin ya yi tudu a tsakiya, a danna da rolar roba har ya fito ta gefe biyu, a kwashe rarar.

Binnewa kuwa tana farawa da na'urar gano ƙarfe. A bi wurin da ita a zana inda kowane rodi da kowace waya take da zurfinta, domin wayar da ke ɗaure a cikin silab in faifai ya taɓa ta, ɓarnar ta fi wadda aka zo gyarawa. A silab mai ramuka, naman da ke saman ramin wani lokaci bai fi milimita 30 ba, shi ya sa aka fi yanka ramin sandar a cikin kankaren da aka zuba a saman silab ɗin. Idan sandar zagayayya ce, faɗin rami da zurfinsa su kai aƙalla kaurinta sau ɗaya da rabi. Tsakanin rami da rami ya wuce zurfin sau biyu, daga bakin silab kuma sau huɗu. A wanke, a busar, a cika rabin ramin da gam, a danna sandar a hankali har gam ya kewaye ta, a cike sauran a share. Kada kabon ya taɓa rodi ko farantin ƙarfe kai tsaye, haɗuwarsu a cikin danshi tana sa ƙarfen ya ci kansa da sauri. A bar gam a tsakani, ko a raba su da yadin gilashi.

A mahaɗar da ke kan bim, kada a gajarta tsawon don tsimi. Kabon zai wuce inda ja yake ƙarewa a saman silab da aƙalla santimita 15 ta kowane ɓangare, injiniya ne zai nuna wurin. Shi ne kuma zai duba ko ƙarshen silab ɗin zai jure, tunda an ɗaure abin da a da yake sake.

Dubawa da rufewa

A killace wurin, kada a taka ko a girgiza na aƙalla awa 24. Cikakken ƙarfi yakan ɗauki kwana 7, kafin nan ba a cire tokari, ba a mayar da kaya.

Sai ka ɗauki ƙaramar guduma ko kwabo ka bi kabon kana ƙwanƙwasawa taki-taki. Inda ya kama, ƙarar a tsuke take fita. Inda iska ta maƙale, za ka ji ta kwas-kwas, ka zagaye wurin da alli. Ƙanana da ba su kai murabba'in santimita 13 ba ana iya barinsu, muddin ba su wuce 10 a murabba'in mita ɗaya ba, kuma jimillarsu ba ta kai kashi 5 cikin 100 na wurin ba. Matsakaita a huda a ɗura musu ifoksi. Wanda ya wuce murabba'in santimita 160 a yanke shi a yi faci mai hawa kan gefuna. A maimaita gwajin fizga a kan ɗan guntun da aka manna a gefe musamman don haka.

Zaren ba ya tsoron zafi, gam ɗin ne yake tsoro. Irin wanda ake kwaɓawa a filin gini yana fara laushi tsakanin digiri 60 da 82, kuma ƙa'ida ta ce a bar ratar digiri 15 ƙasa da wannan. Baƙin kabon a saman bene a ranar bazara yana iya haura wannan iyaka cikin sauƙi. Don haka a watsa busasshen yashi a kan shafin gam na ƙarshe tun yana ɗanye, in ya kama a yi filasta ko dabe a kai, ko aƙalla farin fenti mai kare hasken rana. A sito, kicin, ko wurin ajiye motoci, a rufe na ƙarƙashin silab da allon kariyar wuta ko feshin da aka gwada tare da wannan tsarin.

Kafin filasta ta rufe komai, a ɗauki hoton kowane layi da tef ɗin awo a gefensa, a sa wurarensa a zanen ginin, a ba mai gida kwafi. A kafa ɗan allo a bango da ke cewa kada a huda ko a yanka daben sai an duba zanen, saboda mai wayarin ko mai famfo da zai zo bayan shekaru ba shi da hanyar sanin abin da ke ƙarƙashin tayil. A dawo a duba mahaɗar bayan damina ta farko da bazara ta farko, daga nan kuma sau ɗaya a shekara.